Asma a ƙauyukan Managil: yadda ake shaƙar magani ya isa huhu

Mai cutar asma a ƙauyukan da ke kewaye da Managil, a jihar Jazira ta Sudan, ya san lokutan tashin ciwonsa ba sai likita ya gaya masa ba. Akwai sanyin Disamba da Janairu, lokacin cirar auduga. Akwai ƙaiƙayin alkama a watan Maris, idan ana girbi da sussuka. Sai kuma guguwar ƙurar nan da mutanen Sudan ke kira habub, wadda ke tasowa gab da damina ta mai da rana dare. A kowane ɗaya daga cikinsu ƙirji kan ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito, a kwana a zaune. Sau da yawa maganin yana nan cikin aljihu ko ƙarƙashin matashi. Abin da ke faruwa shi ne ba ya isa inda aka aike shi.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu jikokin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe gandun noman rani na Jazira a 1925, sannan aka faɗaɗa shi zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, da yawa suka bazu cikin ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona da ake kira kanabi. Aiki ne na ƙura, a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, hanyoyin laka kuma kan yanke da damina. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara nisanta asibiti: Wad Madani, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Managil, inda manyan asibitocin jihar suke, ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka ƙwato ta. A irin wannan wuri, iya amfani da maganin da ke hannu ba ƙaramin abu ba ne.

Ciwo ɗaya, magani iri biyu

Asma, wadda Larabcin Sudan ke kira azma, kumburi ne na dindindin a cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu. Idan ƙura, hayaƙi, sanyi ko mura suka taɓa su, naman da ke kewaye da su ya matse, majina ta taru, hanyar ta tsuke. Tsofaffi kan ce mata fuka, amma ba ita ce tarin fuka ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da ita a 2019, ta kuma kashe 455,000 a wannan shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Abin shaƙar da Hausawan Najeriya ke kira inhela, na Sudan su ce bakhakh, iri biyu ne, kuma rikita su shi ne kuskure na farko. Na ɗaya mai buɗe hanya ne, wato salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin ko Ventoline, galibi shuɗi. Yana aiki cikin 'yan mintoci, ya riƙe na awa huɗu zuwa shida, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyu mai kashe kumburi ne, dangin kotizon, irin su beclometasone da budesonide, sau da yawa ruwan ƙasa. Wannan ba a jin aikinsa nan take, sai an jera kwanaki ko makonni, kuma ana shaƙarsa kullum ko lafiya ta samu. Shi ne ke hana tashin ciwon, shi ne kuma mutane suka fi saurin watsarwa, don ba su ga abin da ya yi ba.

Launi ba hujja ba ne, kamfanoni sun bambanta. Sunan da ke jikin gwangwanin ake dubawa. Ga wanda bai iya karatun boko ba, zare mai launi da aka ɗaura wa ɗaya daga ciki ya isa alama.

Tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, ta daina ba da shawarar a bar manya da matasa da salbutamol kaɗai. Akwai kuma inhela mai haɗa budesonide da formoterol, wadda likita kan iya ba mutum ta yi masa aikin biyun. Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: wanda ke ƙarar da shuɗiyar inhela uku ko fiye a shekara, ko yake neman ta fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa da dare, asmarsa ba ta kwanta ba, ko da shi yana ganin yana lallaɓawa.

Daƙiƙa goma da ake yawan ɓatawa

Inhelar feshi ta fito ne a Amurka a 1956, kuma har yau mutane ba su gama iya ta ba. Wani nazari da mujallar likitanci ta Chest ta buga a 2016, wanda ya tattara binciken shekara 40 daga ƙasashe daban-daban, ya gano kashi 31 cikin 100 kawai na masu amfani da abin shaƙa ke yin sa daidai, kuma ba a samu ci gaba ba a tsawon waɗannan shekaru. Ke nan ba matsalar ƙauye ba ce. Ko an yi daidai ma, a yawancin inhelar feshi kashi 10 zuwa 20 ne ke isa huhu, sauran ya maƙale a baki da maƙogwaro. Idan aka yi kuskure, ɗan wannan ma ya tafi.

Mutum zai zauna ko ya tsaya a miƙe, ya cire murfi, ya leƙa bakin ko ƙura ko wani ƙwaro ya shiga, ya girgiza sosai. Gwangwanin yana sama, bakin yana ƙasa. Sai ya fitar da numfashi a hankali har ƙirji ya sauka, ba cikin inhelar ba. Ya sa bakinta tsakanin haƙora, leɓɓa su rufe ruf, harshe ya kwanta. Daga nan ne aikin yake: ya fara jan numfashi a hankali, yana farawa ya danna gwangwanin sau ɗaya, ya ci gaba da ja na daƙiƙa uku zuwa biyar har huhu ya cika. Ya cire, ya rufe baki, ya riƙe numfashi kimanin daƙiƙa goma ko iya abin da zai iya. In an ce feshi biyu, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake girgizawa, a maimaita daga farko.

Kurakuran da aka fi gani sanannu ne. Wani ya danna kafin ya fara ja, wani bayan ya gama. Wani sanyin feshin na taɓa maƙogwaronsa ya tsaya cak. Wani ya fesa biyu ko uku a jere ya ja sau ɗaya. Wasu ma fesawa suke a baki su haɗiye, kamar maganin tari. Idan aka ga farin hayaƙi na fita ta baki ko hanci, maganin ya bi iska.

Inhelar gari, irin Turbuhaler ko wadda ake sa wa ƙwanso a huda, akasin haka take. Ba ta fesawa, ƙarfin numfashin mutum ne ke ɗaukar garin, don haka ana ja da sauri da ƙarfi tun daga farko. Ba a hura iska a cikinta, danshi yana dunƙule garin. Ƙwanson kuma ba na haɗiya ba ne. Ƙananan yara, da wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ba sa iya jan da take bukata.

Bayan shaƙar mai kotizon, a kurkure baki da maƙogwaro a tofar. Wannan ke hana dushewar murya da fararen tabon da kan fito a harshe da cikin kumatu.

Gorar roba ta rabin lita

Akwai wata 'yar kwalba da ake sawa tsakanin inhela da baki, wadda masu Faransanci suka sani da chambre d'inhalation. Ana fesa magani a cikinta ya tsaya na ɗan lokaci, mutum ya shaƙe shi da numfashinsa na yau da kullum, ba sai ya daidaita yatsa da ƙirji ba. Tana ƙara abin da ke isa huhu, tana rage abin da ke maƙalewa a maƙogwaro. Ba ta yara kaɗai ba ce, tsofaffi da duk wanda numfashinsa ya sarƙe sun fi kowa bukatarta.

Ta kanti tana da tsada, ba kuma kowane shagon magani ke da ita ba. Amma a 1999 mujallar Lancet ta buga gwajin da Dokta Heather Zar da abokan aikinta suka yi a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town, a Afirka ta Kudu, kan yaran da asma ta tasar wa. Sun gano gorar lemo ta roba mai cin mililita 500, idan aka gyara ta da kyau, tana aiki kamar ta kanti. Kofin roba mai laushi da suka gwada shi ne ya fi rauni.

Yin ta ba wuya. A samu gora mai tsabta, a huda gindinta daidai girman bakin inhelar, da wuƙa ko da zafaffen ƙarfe, yadda zai shiga ya matse. In akwai ɓaraka a toshe da salatif. A wanke ta da ruwan sabulun wanke kwanuka, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge da tsumma: gogewa na tayar da irin maganaɗisun nan da ke sa roba kama ƙura, sai maganin ya manne a bango. Mai ciwo zai kama bakin gorar da leɓɓansa, a girgiza inhela, a fesa sau ɗaya tak, ya yi numfashi biyar ko shida a ciki, sannan a sake. Yaron da bai kai shekara uku ko huɗu ba ba zai iya kama baki ba, yana bukatar takunkumin roba mai laushi da zai rufe hanci da baki ba tare da ɓaraka ba. Yaro mai tsala kuka kuwa kusan ba abin da ke shiga huhunsa. Gara a rungume shi a cinya, a rarrashe shi tukuna.

Nebulaiza: amfaninta da iyakarta

Nebulaiza na'ura ce da ke mai da ruwan magani ya zama hazo, a shaƙa ta takunkumi ko bututun baki na minti 10 zuwa 15. Tana da kwarjini, tana da ƙara, a asibiti aka saba ganinta, shi ya sa iyalai da yawa ke ɗauka ta fi inhela ƙarfi, har wasu su ci bashi su saya. Maganin ciki kuwa salbutamol ɗin nan ne dai. Bitar gwaje-gwajen da cibiyar Cochrane ta yi ta nuna cewa a tashin asma da bai kai na halaka ba, inhela da kwalbar shaƙa ba su gaza nebulaiza ba. A yara ma sun fi rage zaman ɗakin gaggawa da bugun zuciya.

Lissafin ma yana da ban mamaki. Feshi ɗaya na salbutamol maikrogiram 100 ne. Kwalbar nebulaiza ta miligiram 2.5 daidai take da feshi 25, ƙwayar miligiram 4 da ake haɗiya kuwa daidai da feshi 40, ga shi sai ta zaga jini kafin ta isa huhu. Shi ya sa ƙwaya da sirof suka fi kawo rawar hannu da faɗuwar gaba, suka kuma fi jinkirin aiki.

Wannan bai sa nebulaiza ta zama banza ba. A ciwo mai tsanani, a asibiti, ana haɗa ta da iskar oksijin, a ƙara ipratropium, kuma a nan ba ta da madadi. Wanda likita ya ce ya ajiye ta a gida, sai ya kiyaye wasu abubuwa. A wanke hannu, a zuba adadin da aka rubuta, in ana bukatar sirki a yi da ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 kawai. Ruwan famfo, na randa ko na magudanar gona ba ya shiga kofin nebulaiza ko an tafasa shi, haka man kafur, man habbatus sauda da turare. Mai ciwo ya zauna a miƙe, kofin ya tsaya a tsaye, takunkumin ya manne a fuska. Riƙe shi nesa da hancin yaro mai barci ɓarnar magani ce. Bututun baki ya fi ga manya, musamman da ipratropium, wanda ba a so ya shiga ido. Idan na'urar ta fara tartsatsi hazon ya yanke, an gama. A wanke kofi da takunkumi da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa inda ƙura ba ta kaiwa. Dogon bututun iska ba a wanke cikinsa, in ya yi datti canza shi ake yi. Na'ura ɗaya tana iya zaga maƙwabta, amma kofi da takunkumi kowa da nasa, saboda tarin fuka da sauran cututtukan numfashi.

Babban haɗarinta biyu ne. Ba ta aiki in ba wuta. Sannan takan sa iyali su yi ta maimaitawa a gida har lokacin tafiya asibiti ya wuce.

Idan ciwon ya taso

A zaunar da mutum, kada a kwantar da shi, a fitar da shi daga hayaƙi ko ƙura. A ba shi shuɗiyar inhela ta cikin gora, feshi ɗaya bayan ɗaya. Ga babba da yaron da ya kai shekara shida, ƙa'idar GINA ita ce feshi 4 zuwa 10, ana iya maimaitawa kowane minti 20 cikin awa ta farko. Ga ɗan ƙasa da haka, feshi 2 zuwa 6.

Akwai alamun da ba a jira da su: mutum ya kasa ƙarasa magana cikin numfashi ɗaya, fatar tsakanin haƙarƙari ko ramin wuya na lotsawa, harshe da cikin leɓɓa sun yi toka-toka ko shuɗi, jariri ya kasa kama nono, ko mai ciwo ya fara gyangyaɗi da ruɗewa. Ƙirjin da ya yi tsit alhali mutum na fama ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina shiga. A nemi mota ko amalanke nan take, a ci gaba da feshi a hanya. Haka ma idan sauƙin bai kai awa uku ba ciwon ya dawo. A asibiti akan ba da ƙwayar prednisolone ta 'yan kwanaki. Wannan ta likita ce, ba ta saye a kanti duk lokacin da ƙirji ya ɗaure ba, domin yawan shanta na jawo ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi.

Ba kuma kowace ƙarar ƙirji ce asma ba. Yaron da numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya yana cin gyaɗa, mai yiwuwa ƙwaya ce ta faɗa hanyar iska. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama ko zufar dare, gwajin tarin fuka yake bukata.

Zafi, ƙura da hayaƙin gida

Takardar da ke cikin kwalin Ventolin ta ce a ajiye ƙasa da digiri 30, nesa da hasken rana. A Jazira zafin Afrilu da Mayu kan haura 40. Gaban mota, taga da kusa da murhu ba wurinta ba ne, gara ɗaki mafi sanyi, kusa da randa amma ba inda za ta jiƙe ba. Gwangwanin da ya ƙare ba a huda shi, ba a jefa shi wuta, fashewa yake. Gidan robar na shuɗiyar inhela a wanke shi sau ɗaya a mako bayan an zare gwangwanin, ya bushe sarai.

Yawanci feshi 200 ne a ciki, kuma takan ci gaba da fitar da iska bayan magani ya ƙare. Jefa ta cikin ruwa don a ga ko za ta nutse ba ya nuna komai. Lissafi ya fi: mai feshi biyu safe biyu yamma, tasa za ta ƙare a kwana 50, sai a rubuta ranar farawa a jikin kwalin.

Habub ba a hana shi, sai dai a shige ɗaki, a rufe hanci da rawani ko mayafi mai ɗan danshi. Hayaƙin cikin gida kuwa yana hannun mutane: itacen tuya kisra, gawayi, ƙona karan auduga, maganin sauro na kunnawa, taba, turaren wuta, da dukhan na itacen ɗalha da mata ke yi. Ba a ce amarya ta bar turare ba, amma ba a ɗakin da yaro mai asma ke kwana ba. Wasu masu asma kuma asfirin, ibuprofen da diclofenac na tayar musu da ciwo, haka magungunan hawan jini irin propranolol.

Tsoron sabo, da batun azumi

Maganar da ta fi hana mutane ita ce wai wanda ya fara inhela ba ya bari. Inhela ba ta sa maye, ba ta sa kamu. Ciwon ne ba ya warkewa gaba ɗaya, kwanciya yake yi. Akwai kuma iyayen da ke ɓoye ta don kada a ce 'yarsu na da azma a rasa mijin aure, su kira ciwon hassasiyya, su fi son allura. Mace mai ciki ma takan daina don tsoro, alhali rashin iska ya fi maganin haɗari ga ɗan cikin.

An gwada wata hanya a wannan jiha. Cibiyar bincike ta Epi-Lab da ke Khartum, ƙarƙashin Farfesa Asma El Sony, tare da ƙungiyar yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu ta duniya, ta gudanar da shirin kula da asma a wasu asibitocin Jazira da Khartum, inda aka riƙa yi wa marasa lafiya rajista ana ba su inhelar kashe kumburi. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna waɗanda suka ci gaba da zuwa sun rage garzayawa ɗakin gaggawa ƙwarai. Cikas ɗin shi ne da yawa ba su dawo ba.

A kan azumi malamai sun saɓa. Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun tafi a kan cewa inhelar feshi ba ta karya azumi, wasu malaman kuma suna ganin tana karyawa, a rama daga baya. Kowa zai tambayi malaminsa, amma babu ɓangaren da ya ce a jure sarƙewar numfashi har faɗuwar rana. Ta kullum mai sau biyu ana iya mai da ita lokacin sahur da bayan buɗa-baki.

Duk ranar zuwa asibiti ko shagon magani, mai asma ya tafi da inhelarsa da gorarsa, ya shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya don a ga yadda yake yi. Kafin a ce magani bai karɓe shi ba a ƙara masa wani, wannan ake fara dubawa.